Yadda ake saita manhajar tura tireloli kafin a ba ta lodin farko

Manhajar tura motoci, wato wadda kamfanin sufuri ke raba wa motocinsa aiki da ita yana bibiyarsu, ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, don haka da rajista ake farawa. Kowace mota a buɗe mata shafinta: lamba, nauyin da take ɗauka, girman tanki, ranar da inshora da sauran takardu za su ƙare. Kan tirela shafinsa daban, bodi ma daban, domin ana sauya su. In aka haɗe su, ranar da kai ya ja wani bodin lissafin taya da na sabis ya rikice. In mota tan 30 take ɗauka, buhu 600 ke nan na kilo 50. A sa wannan iyakar yadda manhajar za ta ƙi lodin da ya zarce.

Sai na'urar bin sawu, wadda ke nuna wa manhaja inda mota take. Galibin tireloli wutarsu bolt 24 ce, a tabbatar na'urar tana ɗaukar hakan kafin a saya. Waya uku ake jonawa: ja zuwa batir, baƙa zuwa jikin mota, ta uku zuwa makunni. Ta ukun nan ce mai wayarin yakan jona wa batir kai tsaye don sauri, sai manhaja ta riƙa nuna inji a kunne dare da rana, a zo ana tuhumar direba da ƙona mai alhali yana barci a Mokwa. Kafin mai wayarin ya tafi, a kashe mota, a duba ko allon ya nuna ta mutu. Layin da ke cikin na'urar kuma a yi masa rajista da sunan kamfani, a rubuta ranar ƙarewar datarsa a shafin motar.

Ma'aunin mai, na'urar da ake sawa a tanki don ta gaya wa manhaja yawan man da ke ciki, shi ne wurin da ake yawan yin ganganci. Tankin tirela ba kamar bokiti yake ba, musamman mai siffar ganga, inda tsakiya ta fi ƙasa da sama faɗi. Dole a juye tankin tas, a ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙa zuba lita 20, ana jira man ya kwanta, ana shigar da abin da ma'aunin ya nuna, har ya cika. Aikin yakan ci rabin yini, amma ba shi da madadi. Ƙararrawar satar mai kuwa a saita ta yadda ba za ta yi ƙara ba sai mota tana tsaye. A kan tudu ko hanya mai ramuka man yakan yi ta kai-komo a tanki, kuma in ƙararrawa ta yi ƙarya sau goma, ranar gaskiya ba mai kula ta.

Kowace tafiya a buɗe mata aiki guda: inda za a yi lodi, inda za a sauke, lambar takardar kaya, kuɗin hanya da litar da aka ba direba. In kwantena ce, lambarta harafi 4 ce da alƙaluma 7, a haɗa da lambar hatimin ƙofa. Motar da za ta shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas sai da tikitin Eto, tsarin kiran motoci da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara a 2021, saboda haka kada a tura direba bakin tasha sai tikitin ya shiga shafin aikin. Tun motar ba ta bar Legas ba a fara nema mata lodin komawa, ko riɗi ko zoɓo daga Dawanau. Tirelar da ta dawo fanko ta cinye ribar zuwa.

Mota za ta ɓace daga taswira a wuraren da babu sabis ɗin waya. Na'ura mai kyau tana adana bayanan, ta turo su in ta samu sabis. A sa iyaka, misali awa biyu, kafin a fara buga wa direba ko yaron mota waya.

Kada a rufe aiki sai direba ya ɗora hoton takardar kaya mai sa hannu da tambarin wanda ya karɓa, an kuma gwada litar da aka bayar da kilomitar da na'ura ta ƙirga. In mai kaya ya ce buhu biyar sun yi ƙasa, a rubuta a jikin takardar nan take, kafin a ɗauki hoton.