Yadda za ka tantance lambar yabon yaƙin Trafalgar kafin ka saya

A 1847 ne Birtaniya ta amince da lambar Naval General Service ga sojojin ruwan da suka yi yaƙe-yaƙen teku daga 1793 zuwa 1840, kuma sai wanda ke raye ya nema da kansa ake ba shi. Shi ya sa waɗanda suka karɓi ta Trafalgar, yaƙin 21 ga Oktoba 1805, ba su kai 2,000 ba, alhali ta yaƙin Siriya na 1840 ta kusa 7,000. Wannan tazara ce ke ciyar da masu jabu.

Fara da awo. Azurfa ce, faɗinta milimita 36, gaba hoton Sarauniya Biktoriya da shekarar 1848, baya hoton Britannia, macen da ke alamta ƙasar Birtaniya, zaune kan dokin ruwa. Ƙyallenta fari ne mai gefe shuɗi. In maganaɗisu ya kama ta, ba azurfa ba ce, magana ta ƙare.

Aikin gaske yana kan bakin lambar, wato gefenta. A nan aka buga sunan mai ita da manyan haruffa, bugun inji, zurfinsu ɗaya. Sa gilashi mai ƙara girma sau goma, ka juya lambar a hankali gaban taga. Haruffan da aka sassaƙa da hannu suna da kaifi a ciki, layinsu kuma na rawa. In an goge tsohon suna da magagari, bakin zai sirance a wuri guda, don haka auna faɗin ta fuska uku ko huɗu. Bambancin rabin milimita ma abin tuhuma ne.

Sai 'yar sandar azurfa da ke saman lambar, mai ɗauke da sunan yaƙin. Dabarar da aka fi yi ita ce a samo lambar Siriya ta mutum mai suna gama-gari, a cire sandarta a maƙala ta Trafalgar. Duba ƙusoshin da suka riƙe ta: sabon walda ko launin da ya saɓa da sauran jiki yana tona asiri. Daga nan nemi sunan a rajistar masu lambobin yabon sojan ruwa mai lamba ADM 171 ta ma'ajiyar tarihin Birtaniya da ke Kew, a Landan. In sunan ya fito sau biyu ko uku a yaƙe-yaƙe daban, dillalai kan karya farashin, kai ma ka karya.

Kada ka ruɗa ta da lambar da Matthew Boulton, wani mai masana'anta, ya buga a Birmingham da kuɗinsa ya raba wa ma'aikatan jiragen da suka yi yaƙin Trafalgar. Wannan ta fi faɗi, yawancinta ma na kuza ne.

In ta zo hannunka, kar ka goge ta da man goge ƙarfe, duk yadda ta yi duhu. Gogewa na cinye gashin Sarauniya da haruffan, darajar ta faɗi. Riƙe ta ta baki da safar hannu, ka ajiye ta a takarda marar asid tare da ƙullin silika mai shan danshi. Ledar PVC tana barin kore mai danƙo a jikin ƙarfe, rana kuma tana kashe shuɗin ƙyallen.