Yadda za ka tattara tarihin shagon tufafin gidanku

A Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi akwai gidaje da yawa da abincinsu ya fito daga shagon tufafin maza tun zamanin kakanni, amma idan ka tambayi jikan mai shagon yaushe aka buɗe shi, ko da wane yadi ake yi wa yara maza ɗinkin Sallah a lokacin, da wuya ya ba ka amsa. Waɗanda suka sani sun manyanta, takardun kuma gara tana cin su, ko gobara ta lashe su kamar yadda ta yi wa Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Aikin tattara wannan tarihi ba ya buƙatar komai sai waya mai naɗar murya, da littafin rubutu, da haƙuri.

Ka fara da mai shagon idan yana raye, amma kada ka tsaya a kansa. Tsohon telan da ya shekara talatin a kan keken Singer a bakin shagon, da yaron shagon da yanzu ya zama dattijo, sukan riƙe abin da Alhaji ya manta, domin su ne suke auna yadi, su ne kuma suke kwana ɗinki a goman ƙarshe na azumi. Iyaye mata su ma suna da nasu sanin, tunda su suke adana kayan yara a akwati su fito da su ranar Idi. Ka je wa kowa a lokacin da ya natsu, kamar bayan la'asar, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna waya.

A ganina, babban kuskure shi ne ka ce wa dattijo, "Baba, ba ni tarihin shago," domin zai taƙaita maka shekara arba'in a jimla uku. Gara ka tafi da wani abu a hannu, ko tsohuwar hula ce ko hoton Sallah, ka miƙa masa ka yi shiru. Sannan ka bi ta kan kayan yara maza, domin nan ne tunanin mutane ya fi buɗewa. Ka tambaye shi yaushe yaro yake barin bante da 'yar shara ya shiga jamfa da wando mai mazagi, da kuma yaushe ake yi masa babbar riga ta farko, ko a saukar Alƙur'ani ne ko sai ya isa aure. Ka tambayi yadda uba yake yanko yadi daga bandir ɗaya a ɗinka wa 'ya'yansa maza iri ɗaya, da yadda ake sa tela ya bar rara a hannun riga da ƙafar wando, a naɗe su ciki, don yaron ya ci Sallah biyu ko uku da su kafin su koma kan ƙanensa. Ka nemi sunan kowane yadi kamar yadda ake kiransa a kasuwa, alawayyo ko akoko ko shadda, da sunan hula, dara ko zanna bukar ko haɓar kada, da sunan aikin wuya irin su aska biyu da aska takwas, ka rubuta su yadda ya faɗa ba tare da ka gyara masa ba.

Dattawa ba su cika riƙe shekarar boko ba, saboda haka ka ɗaura labarin a kan abin da kowa ya sani. Idan ya faɗi farashi da fam da sule, to maganar ta gabaci Janairun 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam, kuma fam ɗaya ya koma naira biyu. Idan ya ambaci kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnatin Najeriya ta yi wa ma'aikata, wajen 1975 ke nan. Yawan cinikin kaki na gajeren wandon makaranta zai iya nuna 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, tsadar yadi kuma sau da yawa tana komawa ga SAP, shirin gyaran tattalin arzikin Najeriya na 1986. Ka tambaye shi inda yake saro kaya, Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ko masaƙun Kaduna, domin Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, kuma durƙushewar irin waɗannan masaƙu da shigowar yadin waje da gwanjo sun sauya abin da shaguna suke jerawa.

Littafin bashi, idan ya tsira, ya fi kowace takarda daraja, domin a cikinsa za ka ga farashi da irin kaya da watan da ciniki yake tashi. Idan da ajami aka rubuta shi, ka nemi malamin da zai karanta maka, ka ɗauki hoton kowane shafi. Sai dai sunayen waɗanda aka bi bashi amana ce, kuma jikokinsu suna nan a unguwa, don haka kada ka fitar da su ga jama'a.

Tsofaffin hotuna ka juya bayansu, domin masu ɗaukar hoto sukan buga hatimi, wani lokaci har da kwanan wata. Rigar da ka samu kada ka wanke ta da ƙarfi, kada kuma ka ƙulle ta a leda, inda gumi zai sa ta fumfuna. Ka naɗe ta a farin ƙyallen auduga, ka ajiye ta nesa da ƙasa, ka maƙala takarda mai ɗauke da sunan wanda ya sa ta da wanda ya ɗinka ta. Muryoyin da ka naɗa ka kwafe su a rubuce tun kana tune da hirar, ka karanta wa dattijon ya tabbatar ko ya gyara, sannan ka ba 'yan'uwa biyu ko uku a gidaje daban-daban kwafi su ajiye.