Babi Na Shida: Sayen 'Yar Bindigar Feshin Fenti

Darasi na 1: Mu san kayan

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu fentin mota ya ga babbar bindigar da suke fesa fenti da ita. To, tana da ƙanwa, kaurinta bai wuce na babban biro ba. Da ita ake fitar da fuska da gajimare da inuwa a jikin bango, ko a kan kambas, wato yadin zane da aka ɗaure a kan katako. A shago iyaburosh suke ce mata. Mu a aji 'yar bindiga za mu riƙa cewa.

Ba ta aiki ita kaɗai. Sai da kwamfuresa, injin da ke ba ta iska, da tiyon da ke haɗa su. Abu uku ke nan. Ƙirga da yatsa: bindiga, tiyo, kwamfuresa.

Ka nemi mai kunama mai aiki biyu. Ka danna kunamar ƙasa, iska ta fito. Ka ja ta baya, fenti ya biyo. Da farko yatsa zai yi maka gardama, amma zai saba. Wata tana da ɗan kofi a sama, wata kwalba a ƙasa. Mai kofi ta fi sauƙin wanki, ta kuma dace da kambas. Mai kwalba ta fi ɗaukar fenti, don haka masu bango suka fi son ta.

Darasi na 2: Lambar allura

A nan ne ake faɗuwa, saboda haka mu tafi sannu a hankali.

A cikin bindigar akwai doguwar allura, kuma kaurinta yana rubuce a jikin kwali. Za ka ga 0.2 ko 0.3 ko 0.35 ko 0.5, da haruffa biyu a bayansu: mm. Ma'anarsu milimita. Ɗan ɗigon nan da ke bayan sifiri ba datti ba ne, ba kuma kuskuren masu buga kwali ba. Yana cikin lambar.

Wacce ta fi kauri, 0.35 ko 0.5? Kusan kowane aji na tambaya, sai a ce mini 0.35, wai ai 35 ta fi 5. Babu laifi, haka ido yake gani. Amma ba haka ba ne. Mu mayar da shi kuɗi. Idan lamba ɗaya ce tak bayan ɗigo, ƙara mata sifiri. 0.5 ta zama 0.50, kamar kwabo 50. 0.35 kuwa kwabo 35 ce. Wa ya fi? Kwabo 50. Ashe 0.5 ce mai kauri.

Mu sake. 0.2 kwabo 20. 0.3 kwabo 30. 0.35 kwabo 35. 0.5 kwabo 50. Ɗauki fensir ka rubuta su a jere, daga siririya zuwa mai kauri. Madalla. Goge ka sake rubutawa ba tare da ka leƙa littafi ba.

Me ya sa nake nanatawa? Siririyar allura, 0.2, ta masu zana gashin ido ce. Fenti ya ɗan yi kauri kaɗan, ta toshe, sabon shiga kuma ya zauna yana tsokacin bakinta da tsinke har ya fasa shi. Mai koyo a kan kambas ya ɗauki 0.3 ko 0.35. Mai bango ya ɗauki 0.5, don ta fi zubar da fenti. In bangon makaranta ne gaba ɗaya, shimfiɗa launin ƙasa da rola ko burushi tukuna, 'yar bindiga ta zo daga baya ta yi inuwa.

In ka shiga shago, bayan gaisuwa ka ce, "Alhaji, allurar lamba nawa ce?" Ko me ya faɗa, ka ce, "Don Allah in ga kwalin." Ka nemo ɗigon da yatsanka, ka ƙara sifiri, ka mayar kwabo. Ka roƙi a zare allurar ka dubi tsininta a haske. In ya lanƙwashe, ko kaɗan ne, a canza maka.

Wani ɗalibina, magidanci da furfurarsa, ya je ya sayo 0.2 don zanen bangon shagonsa, bayan mun yi kwana uku a kan darasin nan. Na tambaye shi ko ya duba kwali, ya ce kunya ya ji kada mai shago ya ga yana haɗa baƙi. Haba jama'a! Kuɗinka ne fa. Wa ya taɓa sayen akuya bai buɗe bakinta ba? Wanda ya sake kawo mini bindiga bai karanta lambarta ba, shi zai tsaya gaban allo ya rubuta 0.2, 0.3, 0.35, 0.5 har a tashi.

Sau ɗaya kuma: 0.5 da 0.35, wacce ta fi kauri?

Darasi na 3: Kwamfuresa

Nemi mai tanki, don iska ta riƙa fitowa daidai ba tana tsalle ba. Ya kasance da agogon iska mai haruffa PSI, wato ma'aunin ƙarfin iska, da abin murɗawa. Fara da 20 zuwa 30. A ƙasan agogon akwai 'yar kwalbar da ke tare ruwan iska. In babu ita, da damina bindiga za ta tofa maka ruwa a tsakiyar zane. A ɗaura tiyon a gabanka ka tabbatar bakinsa ya shiga, don ba duka ne bakinsu ɗaya ba. A zuba ruwa a kofi, a kunna, ka fesa a bayan kwali kafin ka biya. In babu wuta, a tayar da janareta.

Darasi na 4: Fenti da takunkumi

Sayi fentin akirilik, wato irin wanda ake tsinkawa da ruwa. Tsinka shi ya zama kamar madara, ka tace. Sayi takunkumin masu fenti mai matata, kada ka yi feshi a ɗaki rufe.

Darasi na 5: Wanki

Kana gamawa ka fesa ruwa har ya fito fes. Kada fenti ya kwana a ciki.

Aikin gida: rubuta lambobin nan huɗu sau 10, ka kawo ranar Litinin.