Kafin ka ɗora giranda a kan tsohon babur ɗinka: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kafe resa

Kwanan nan samari da yawa a Kano sun fara sha'awar irin babur ɗin nan da ake ce wa kafe resa, mai dogon tanki da gajeren sit da kai, wato hannun tuƙi, a ƙasa, sai mutum ya gani a Instagram ko TikTok ya ce wallahi ni ma sai na mai da tsohon Jincheng ɗin gidanmu haka. Abin yana yiwuwa, kuma ba sai kana da kuɗi mai yawa ba. Ni ma na yi da CG125, na kuma taya abokai biyu nasu. Amma na ga babura da dama da aka yanka aka watsar a soro, har ƙarshe 'yan gwangwan suka ɗauke su a kilo, abin yana min ciwo, don yawancinsu lafiyayyu ne kafin a taɓa su.

Asalin abin daga Ingila ne, wajen shekarun 1950 zuwa 1960. Samari ne ke taruwa a shagunan shayi na bakin titi irin Ace Cafe da ke Landan, suna cire duk wani abu mai nauyi daga baburansu don su kai gudun mil 100 a awa, wajen kilomita 160 kenan. Wasu ma injin Triumph suke ɗorawa a firem ɗin Norton, su kira shi Triton. To ka ga su manyan injina suke da su da titi sumul da ruwan sama mai kwantar da ƙura. Mu kuma ƙaramin inji mai cc 100 ko 125 muke da shi, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga ramuka da kwata in damina ta sauka. Rabin kuskuren da ake yi daga nan yake tasowa, mutum ya kwafi hoton Landan ya manta a Kurna ko Sheka zai hau.

Tun daga saye ake fara ɓata lamari. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a Kano a farkon 2013 babura da yawa suka koma kwance a gidaje, wasu suka fita ƙauye, don haka tsohon babur mai araha ba ya wuyar samu. Amma arahar nan ce ke rufe wa mutane ido su karɓi wanda ba rasit ba takarda. Malam kar ka yi. Duba lambar inji da lambar shasi da idonka, ka haɗa da abin da ke takarda, in ka ga alamar an goge ko an sake bugawa ka bar shi ko da kyauta ne. Ka yi tunani, ka kashe wata uku da kuɗinka ka gyara abu ya yi kyau, ranar da ka fito da shi kowa na kallo, ranar ce mai shi na asali zai gane kayansa. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, wanda ya sayar ya sa hannu. Sannan ka tsaya ta baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, don babur ɗin da ya sha lodin buhuna ko ya taɓa mummunan hatsari firem ɗinsa kan karkace, kuma fenti ba ya miƙe ƙarfe.

Babban kuskure kuwa, wanda ni ma na yi a nawa, shi ne fara kwalliya kafin inji. Na kai wa mai walda ya yanke baya, na ɗinka sit, na yi fenti, sai da aka gama na gane inji na shan baƙin mai yana hayaƙi, dole aka sauke shi, garin saukewa da mayarwa aka kankare sabon fentin, kuɗin da zan sa fistin da ring kuma ya riga ya tafi a kwalliya, babur ya yi wata biyu a jingine. Abin da ya kamata shi ne ka hau shi yadda yake na sati biyu ko uku. Ka ji ƙararsa da safe, ka ga ko yana tashi a kik ɗaya ko biyu, giya na shiga lafiya, kuloci ba ya zamewa, ba ya ɗigar mai. Ka kai wa bakanike ya yi masa cikakken sabis, ya saita bawul, ya wanke kafireta. In inji ya zauna, sannan a yi maganar giranda, wato injin yankan ƙarfe. Shi ya sa nake son CG125 a wannan aiki, Honda ta fito da shi a 1975 musamman don ƙasashe irin namu inda ba a cika kula da sabis ba, injinsa ba shi da rikici, kuma kayansa da na kwafinsa na Caina sun cika gari. Boxer ma ba laifi, sai dai tankinsa da firem ɗinsa sun fi wuyar kawowa siffar da ake so.

Sai maganar iyakilina, wato filtar da ke tace iskar da ke shiga inji, nan zan daɗe kaɗan don shi ya fi kashe injina. A hotuna za ka ga an cire akwatin filta gaba ɗaya an maƙala wata 'yar ƙaramar filta mai kamar kofi a bakin kafireta, tsakiyar babur ya zama fayau, gaskiya yana da kyau a ido. Amma abu biyu ke faruwa. Na farko iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi fiye da kima, yana shaƙewa in ka murɗa, yana harbi ta salansa in ka saki. Na biyu, irin masu arahar nan raga ce kawai, ba sa tare ƙura, kuma kai ka san yadda garin nan yake daga Disamba zuwa Fabrairu, ko mota ka ajiye na awa biyu sai ka rubuta sunanka a gilas. Wannan ƙurar in ta shiga silinda kamar samfefa take, a hankali ta cinye ring. Shawarata ka bar akwatin kamfani, ka yi masa baƙin fenti ko ka sa a yanka maka murfin gefe na falanki mai kyau ya rufe shi. In kuma ka dage sai ka cire, to ka nemi ta soso wadda ake shafa wa mai, ka riƙa wankewa akai-akai, kuma dole a canza jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, zuwa babba. Fulogi ne zai gaya maka gaskiya: ka yi tafiya mai ɗan nisa ka kwance shi, in bakinsa fari fat ne mai ya yi kaɗan, in baƙi ne mai toka mai ya yi yawa, abin da ake nema shi ne ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara.

Salansa ma haka. Wasu su fasa ta su cire cikin wai don ƙara da gudu. Ƙarar dai za ka samu. In Jincheng ɗin nan ne mai cin mai haɗe da baƙin mai, wanda aka kwafa daga Suzuki AX100, siffar salansar na cikin abin da ke ba injin ƙarfi, kana yanke ta ƙarfin ya ragu ya kuma ƙara shan mai. Ban da haka akwai haƙƙin maƙwabta, a lungu kake, akwai tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, bai dace kana dawowa goma na dare ka tashi unguwa ba. A bar mata abin rage ƙara a ciki.

Wajen yankan baya, ƙa'ida ɗaya ce ba a tsallakewa: kar a yanka gaban inda shokob ke ɗaure. Bayan wurin za a rage, a lanƙwasa bututu mai kauri irin na firem ɗin a rufe, kuma a zura guntun ƙarfe a cikin mahaɗar kafin a yi walda, ba a manna baki da baki kawai ba. Kofar Ruwa za ka samu bututun, ka tafi da guntun da aka yanke don a gwada kauri. Sannan kafin a like, ka sa mutum mai nauyi ya zauna ya danna sosai a ga ko taya za ta taɓa ƙasan sit, don na ga wanda ya shiga rami a hanyar Panshekara taya ta cinye wayoyin da ya ɓoye a nan, babur ya mutu masa a tsakiyar titi. A zare batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, kafin a fara walda.

Tanki kuwa maganar rai ce. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an juye shi ko ya kwana a rana, tururin na nan ciki, wuta na taɓawa zai iya fashewa. A wanke da omo da ruwan zafi sau da yawa, a bar murfi a buɗe, kuma a kai wa wanda aikin tanki ne sana'arsa. In mai walda ya ce ba komai kawo kawai, ɗauki tankinka ka tafi. In tsohon tanki ka sayo ka haska cikinsa da tocila, tsatsa kaɗan ana zuba ƙananan notuna da kalanzir a girgiza ta fita, sai ka sa 'yar filtar mai a tiyo.

Kan babur, mutane na sauke shi ƙasa sosai su bar matakar ƙafa a inda take, sai mutum ya naɗe kamar mai ruku'u, kafin ka je Bata daga Kabuga a cikin cunkoson adaidaita sahu bayanka da wuyan hannunka sun gaya maka. Ɗan miƙaƙƙen kai mai matsakaicin tsayi ya fi dacewa da garin nan. Duk wanda ka sa, ka juya shi dama da hagu har ƙarshe ka tabbatar ba ya matse maka yatsa da tanki, kuma a rage tsawon wayar totur da ta kuloci da ta birki, don in suka yi lanƙwasa totur na iya maƙalewa a buɗe.

Manyan tayoyi suna burgewa, amma a siririn rim ba sa zama daidai, suna gogar sarƙa, kuma ƙaramin inji wahala yake sha wajen juya su. Ka tsaya a girman kamfani ko ka ƙara mataki ɗaya. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tsohuwar taya ko zanenta na nan robar ta bushe. Madgad na gaba ka rage shi amma kar ka cire, yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu, kuma ranar da ka bi ta ruwan kwata za ka gode masa. Birki kuwa ban san me ya sa ake barinsa a ƙarshe ba, sabon takalmin birki da waya ba su kai kuɗin ɗinkin sit ba.

Wayarin, ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin a kwance. Kar a yarda da murɗa waya a naɗe da salatif, zafin Afrilu zai narkar da gam ɗin, a yi dalma a rufe da kyau, a bar fiyus a wurinsa, abin da ke daidaita caji kuma a ajiye shi inda iska ke bugunsa don zafi yake yi. Fitilar birki, sigina, madubi da lamba duk su zauna a inda za a gan su, ko ba don KAROTA da 'yan Road Safety ba, don mai tifa da ke bayanka da daddare. Hular kwano ma ka sa ta cikin lissafin kuɗin tun farko.

Fenti shi ne aikin ƙarshe, bayan ka haɗa komai ka hau na kwanaki ka tabbatar ba sauran walda ko huda. Fentin gwangwani na fesawa yana yi a firem da ƙananan abubuwa, amma a tanki fetur na ɗiga sau ɗaya a gidan mai zai zana maka layi, don haka tanki ka kai wa mai fentin mota ya sa masa kiliya, wato farin ruwan da ake rufe fenti da shi, mai haɗin hadna da ke sa shi tauri. Kar a fesa ranar da ake hazo, kuma a bar shi ya bushe sosai na wasu kwanaki kafin a zuba mai a ɗora.