Yadda Za Ka Auna Ƙarfin Ƙungiyoyin Fararen Hula a Boren Ƙasashen Larabawa

Duk mai son fahimtar boren da ya girgiza ƙasashen Larabawa tun ƙarshen 2010, kada ya tsaya ga hotunan cincirindon jama'a a dandali, domin yawan taro ba ya nuna inda al'amari zai dosa. Abin bincike shi ne su wa suka tara mutanen, kuma tun yaushe suke aiki.

Ka fara da komawa baya kafin ranar da rikici ya ɓarke. Mohamed Bouazizi, wani matashi mai sayar da kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya ranar 17 ga Disamba 2010, amma rassan ƙungiyar ƙwadago ta UGTT, wadda aka kafa tun 1946, da lauyoyi da malaman makaranta, sun taka muhimmiyar rawa wajen kai fushin talakawa daga garuruwan cikin ƙasa zuwa birnin Tunis, har shugaban ƙasar, Ben Ali, ya tsere ranar 14 ga Janairu 2011. A Masar ma, matasan ƙungiyar 6 ga Afrilu sun samo sunansu ne daga kiran yajin aikin ma'aikatan masaƙa a Mahalla a 2008.

Daga nan sai ka duba abin da ya rage idan hukuma ta katse intanet. Bayan da aka tarwatsa zaman dirshan na Khartoum ranar 3 ga Yuni 2019, sojoji sun rufe layukan sadarwa, suna zaton sun gama da masu bore. Kwamitocin unguwanni suka bi gida-gida, suna raba takardu suna sanar da maƙwabta baki da baki, sai ga ɗimbin jama'a sun cika tituna ranar 30 ga watan. Ƙungiyar da rayuwarta ta tsaya ga Facebook ba za ta iya wannan ba.

Tambaya mafi nauyi a ganina ita ce, wa zai zauna a teburin sulhu bayan shugaba ya faɗi? A 2013, da aka kashe 'yan siyasar adawa Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, Tunisiya ta kama hanyar rugujewa. UGTT ta haɗa kai da ƙungiyar masu masana'antu, da ta lauyoyi, da ta kare haƙƙin ɗan Adam, suka zaunar da jam'iyyar Ennahda mai mulki a lokacin da 'yan adawa har aka amince da kundin tsarin mulki a Janairun 2014, aikin da ya sa aka ba su kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2015. An saurare su ne saboda suna da mambobi na gaske, kuma suna iya tsayar da ƙasa cak da yajin aiki. A Masar kuwa, da Shugaba Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu 2011, matasan da suka yi bore a dandalin Tahrir na Alƙahira ba su da irin wannan tsari, sai fagen ya koma hannun sojoji da 'Yan'uwa Musulmi. Libiya ta fi muni, domin Gaddafi bai bar ƙungiya mai zaman kanta ta tsira ba.

Kada suna ya ruɗe ka. Ka binciki wanda ke ba ƙungiya kuɗi da yadda take zaɓen shugabanninta, domin babbar tarayyar ƙwadago ta Masar a zamanin Mubarak 'yar amshin shatan gwamnati ce. Kuma ka ci gaba da bibiya har zuwa 2021, shekarar da Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisar Tunisiya a watan Yuli, Janar Burhan kuma ya kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sudan a watan Oktoba.