Yadda Ake Gane Yankin Duniya Daga Lambar Kiran Waya

Duk lambar waya ta ƙasa da ƙasa tana farawa ne da lambar ƙasa, wadda ba ta wuce alƙaluma uku. Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU mai hedikwata a Geneva, ita ce ke rabon waɗannan lambobi a ƙarƙashin ƙa'idar E.164, wadda ta kayyade cewa cikakkiyar lamba ba za ta haura alƙaluma 15 ba. Wanda yake son sanin inda kira ya fito, sai ya fara duba alƙalami na farko bayan alamar +, domin shi ne ke nuna shiyya, kuma shiyyoyin tara ne.

Idan lambar ta fara da 1, to ta Amurka ce ko Kanada ko wasu tsibiran Karibiyan, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, saboda +1 kaɗai ba ya bayyana ƙasa sai an duba alƙaluma uku da ke biye. +1 876, alal misali, Jamaika ce. Lambar da ta fara da 2 ta Afirka ce: Masar tana da 20, Afirka ta Kudu 27, Nijar 227, Ghana 233, Najeriya 234, Sudan ta Kudu kuwa ta samu 211 a shekarar 2011 da ta zama ƙasa. Abin mamaki, Greenland mai ƙanƙara tana cikin wannan shiyya da 299. Turai ta mamaye 3 da 4, inda Faransa take da 33, Birtaniya 44, Jamus 49. Meziko da ƙasashen Amurka ta Kudu suna 5, kamar Brazil mai 55, kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya suna 6, Rasha da Kazakhstan kuma suna tarayya a 7. Gabashin Asiya yana 8, da Japan mai 81 da Sin mai 86, sannan 9 ta haɗa Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya, irin su Turkiyya mai 90, Indiya 91 da Saudiyya 966.

Mataki na biyu shi ne gane inda lambar ƙasa ta ƙare. An tsara lambobin ta yadda babu wata da take zama farkon wata, shi ya sa tunda 20 ta Masar ce, ba za a samu ƙasa mai 201 ba, kuma tunda babu ƙasa mai 23 ita kaɗai, dole a karanta alƙalami na uku kafin a san ko Ghana ce ko Najeriya. A ganina wannan ita ce hikimar da ta fi kowace a tsarin, domin na'ura tana gane ƙasar tun kafin a gama buga lambar.

Tarihi ma ya bar sawunsa a jikin lambobin. Lamba 37 ta Jamus ta Gabas ce a da, amma bayan haɗewar Jamus a 1990 aka rarraba ta, Lithuania ta ɗauki 370, Latvia 371, Estonia 372. Haka aka yi da 42 bayan rabuwar Czechoslovakia, inda aka samu 420 da 421.

Wajen buga kiran kansa, a wayar hannu ya wadatar a fara da alamar +, a bi ta da lambar ƙasa, sannan lambar mutumin. A wayar tarho ta gida ko ta ofis ana maye gurbin + da lambar fita, wadda 00 ce a yawancin ƙasashe, 011 kuma a Amurka da Kanada. Sifilin da ke farkon lambar cikin gida ana cire shi idan an sa lambar ƙasa, sai dai Italiya ta saɓa wa wannan, domin lambobin tarhonta na gida suna riƙe sifilinsu bayan 39. Ya kamata kuma a yi hattara da kiran da ya fara da 870 ko 881, domin waɗannan na wayoyin tauraron ɗan'adam ne, kuma mayar da kira gare su yana da tsada ƙwarai.