Yadda ake haɗa motar hot rod da tsohuwar Ford, a yi mata rumfar da ake cirewa

Hot rod tsohuwar motar Amurka ce, galibi Ford ƙirar kafin yaƙin duniya na biyu, wadda aka rage wa nauyi, aka sauke ta ƙasa, aka dasa mata injin da ya fi nata na asali ƙarfi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara abin a shekarun 1930. Sukan sayi Ford ƙirar Model T ko Model A da arha, su cire madigadi da duk tarkacen da ba ya ƙara gudu, su nufi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada ƙwanji. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya mai suna SCTA, a 1948 kuma mujallar Hot Rod ta fara fitowa.

Aikin na bakanike ne da mai walda da fanel bita da mai ɗinkin kujera, duk a jikin mota ɗaya. Abin da ya fi ɓata shi kuwa gaggawar walda ce. Ƙa'idar da za ka riƙe tun daga shasi har rumfa ita ce: ɗora, ja da baya, kalla, sannan ka liƙa.

Fara da bodi da shasi

Biyu ne suka fi farin jini, Model A ta 1928 zuwa 1931, da Ford ta 1932, shekarar da kamfanin ya fito da injin V8, wato mai silinda takwas, mai lita 3.6 da ƙarfin doki 65. Bodin asali na 1932 ya yi tsada ƙwarai yanzu, don haka da yawa suna sayen sabon bodin ƙarfe irin wanda kamfanin Brookville Roadster na jihar Ohayo ke bugawa, ko na fayiba. In tsoho ka samu, duba ƙasan ƙofofi da gindin bodi, nan tsatsa take cin abincinta. Ka tabbatar akwai takardu, lambar shasi kuma ta yi daidai da su, tun kafin ka kashe ko sisi.

Tazarar tayar gaba da ta baya a Model A inci 103.5 ce, a ta 1932 kuwa inci 106. Shi ya sa aka saba ɗora bodin Model A mai buɗaɗɗen sama a kan shasin 1932: ya fi ƙarfi, ya fi tsawo, gefensa kuma yana da kyan gani idan babu madigadi. Sai dai dole a ɗan matse shi a wasu wurare don ya bi layin bodin.

Ɗaure shasin a kan teburin ƙarfe da ka tabbatar a miƙe yake. Auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace, kuma duk abin da ka gina a kai zai gaji karkatar. Bayan nan sai ka toshe buɗaɗɗen cikin ƙarafan gefe da faranti mai kaurin milimita 3, su zama kamar akwati, domin tsohon shasi ba a yi shi don ƙarfin injin zamani ba. Kada ka ja walda doguwa a gefe ɗaya. Ɗan ɗiga nan, ka koma can, ka bari ya huce, in ba haka ba zafi zai lanƙwasa ƙarfen.

Tayu kafin komai

Sabon shiga yakan bar tayu sai ƙarshe. Kuskure ne. Tsayuwar motar, wato gaba ya ɗan sunkuya baya ya ɗan ɗaga, ita ce rabin kyanta, kuma tayu ne ke yanke wannan hukunci: ƙanana sirara a gaba, manya dogaye a baya. Sayo su tun farko, ka jingina su a mazauninsu, ka tallafe shasin da katako har tsayin ya yi maka.

Don sauke gaba ana sa aksil ɗin da aka lanƙwasa bakinsa, mafi yawa na inci 4. Ka kwantar da kansa baya da digiri 5 zuwa 7, shi ne zai hana sitiyari rawa a kan gudu. A baya, aksil ɗin Ford mai inci 9 (faɗin babban giyan cikinsa ke nan), wanda ya fito a 1957, har yau shi ake yayi saboda juriya. Birki kuwa ba wurin kwaikwayon tarihi ba ne. Ford bai koma birki mai amfani da mai ba sai 1939, kafin nan sanduna da wayoyi ne ke ja. Sa na mai, in da hali mai faifai a gaba.

Inji

Mai son tsohon yayi zai nemi V8 na Ford mai shafaffen kai, wanda aka yi ta ƙerawa a Amurka har 1953, ya jera masa kafireto Stromberg 97 guda biyu ko uku. Ƙararsa babu kamarta, amma yana da saurin ɗaukar zafi, sai da lagireto mai kyau. Mai son tuƙi ba rigima zai ɗauki ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, musamman mai lita 5.7. A ganina wanda wannan ce motarsa ta farko ya ɗauki na biyun.

Rataya injin da giyabos a wurinsu, ka ɗora bodi da lagireto, ka ga inda sitiyari da salansa da fedar birki za su bi, kafin ka yi waldar mazaunin inji. A ƙaramar mota irin wannan, inci ɗaya ma rigima ake yi a kansa. Haɗa motar gaba ɗaya ba fenti, ka tuƙa ta, ka gyara abin gyarawa. Fenti sai an gama huda da yanka, kuma ƙwarangwal ɗin rumfa yana cikin abin da za a gama kafin shi.

Rumfar

Nan ne aikin yake nuna gwani. Irin rumfar da ake nufi ba ta naɗewa baya, guda ce mai tauri da laushin soso a sama, sai a buɗe maƙullanta mutum biyu su ɗauke ta. Shagon Amos Carson da ke Los Anjeles ne ya yi suna da ita tun tsakiyar shekarun 1930, ta hannun ma'aikacinsa Glen Houser, har aka riƙa kiran kowace irinta da sunan Carson. Dalilin yinta a fili yake: idan aka rage tsayin gilashin gaba, ƙarafan rumfar asali ba sa ƙara zama daidai, kuma tampol ɗin da ke naɗewa ba ya ba da wannan santsin layi.

Saboda haka gilashin gaba ne farko. Yawanci ana rage inci 2, wasu su kai 3. Yanke sandunan gefe, ka kai wa mai gilashi ma'aunin kwali ya yanka maka gilashi mai leda a tsakiya. Gasasshen gilashi irin na ƙofofin motocin yanzu ba ya yankuwa, rugujewa yake yi.

Sai ka sa kujerar da za ta zauna a motar, da sosonta na gaskiya, ka zaunar da mai motar. Bar masa aƙalla inci 2 tsakanin kansa da inda silin zai zo, ka tuna soso da yadin ciki za su ci wani abu daga ciki. Na sha ganin hotunan motoci masu kyan gaske da direba ke tuƙi wuya a karye, duk don an auna rumfa da kujera babu kowa.

Yanzu zana siffar a iska. Lanƙwasa siririyar waya ko sandunan walda daga kan gilashi zuwa bayan kujera, ka haɗa su da salatif da kwali. Tura motar waje, ka ja baya taku ashirin, ka durƙusa daidai tsayin ƙofa. Layin ya kamata ya tashi kaɗan daga gilashi, ya kai ƙololuwa a kan direba, ya gangaro baya a hankali ya narke cikin bodi. In bayan ya fi gaba tsawo, motar za ta zama kamar ta ɗauko kaya a ka. Kwana biyu kana gyara waya ya fi mako guda kana sare bututu.

In siffar ta kwanta maka, yanke rabin ma'auni ɗaya a falanki don kowane baka, wato lanƙwasasshen bututun da zai gicciye rumfar daga dama zuwa hagu, ka juya shi ka fitar da ɗaya rabin, ta haka dama da hagu za su zo daidai. Bututun ƙarfe na rabin inci ko kashi uku cikin huɗu na inci ya isa. Da yawa suna amfani da bututun wayar lantarki don sauƙin lanƙwasawa, amma yana da rufin zinki, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi. Goge wurin waldar da gurandin, ka yi aikin inda iska ke kaɗawa.

Ƙwarangwal ɗin ya ƙunshi kan gaba da zai kwanta a kan gilashi, da baka uku ko huɗu a gicciye, da ƙarafan gefe, da zoben baya mai bin lanƙwasar bodi. Kan gaban an fi sassaƙa shi da katako mai tauri, domin shi zai riƙe ƙusoshin yadi. Liƙa salatif mai kauri a kan bodi, ka sa 'yan guntayen roba na milimita 5 ko 6 a ƙarƙashin zoben baya, don a bar gurbin da roba ko bargo zai shiga ya kare fenti. Yi ɗigon walda rumfar tana kan mota, da jiƙaƙƙen bargo a rufe da gilashi. Sauke ta, ka kammala waldar, ka mayar ka gani ko ta motsa. Kusan kullum sai ta ɗan motsa. In motar tana da gilashin ƙofa mai hawa da sauka, ɗaga shi har ƙarshe ka bi bakinsa da ƙarfen gefe.

Kada ka raina maƙullai. A kan gudu iska tsotso rumfa take yi sama, tana neman fizge ta. Sa maƙulli biyu masu ƙarfi a kan sandunan gilashi da turaku biyu masu shiga rami don saita zama, sannan biyu a baya da noti ya ratsa ƙarfen bodi, ba fatar kwanon kaɗai ba.

Shafa wa ƙwarangwal fentin hana tsatsa, sannan sutura. Ja ɗamaru masu faɗi daga gaba zuwa baya, a ɗaure tamau. A kansu tsofaffin gwanaye sukan shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, su matsa ta da hannu har kusurwoyin baya su yi ƙundu mai kyau, sai algarara, sai auduga. Yau soso mai kaurin rabin inci yana maye gurbin audugar. Wasu kuma suna buga fatar alminiyum mai milimita 1.6 a kan bakan, ta fi daɗewa, amma tana son hannun fanel bita na gaske. Shafa tafin hannunka ko'ina: duk tudun da ka ji yanzu, zai fito fili bayan an ja yadi.

Tagar baya ƙarama ake yi, doguwa siririya, da firam nata da aka ɗaure a ƙwarangwal tun kafin sutura. Kada ƙyale-ƙyale ya sa ka matse ta har ka kasa ganin na bayanka.

Yadin waje na rumfar mota ne na musamman, irin na kamfanin Haartz, fari shi ne na gargajiya. Mai ɗinki zai haɗa shi ƙyalle uku, na tsakiya da na gefe biyu, ɗinki biyun su tafi a miƙe daga gaba har baya, nisansu daga tsakiya ɗaya. Shanya shi a rana ya yi laushi. Kafa tsakiyar gaba, ja ka kafa tsakiyar baya, sannan ka riƙa fita gefe kaɗan-kaɗan, dama da hagu bi da bi, da ƙusoshin wucin gadi har sai tamoji ta ɓace. Rufe bakin da igiyar ado, sa yadin silin daga ciki, sai robar da za ta zauna tsakanin katako da gilashi.

Gwajin farko ka yi shi a hankali, ka tsaya ka taɓa maƙullai, sannan ka ƙara gudu kana sauraron fito ko kaɗawa. Watsa mata ruwa da tiyo ka ga inda yake ɗiga. Ranar da za ka fita babu ita, ku ɗauke ta ku biyu a miƙe, ku ajiye a kan mazaunin katako mai bargo wanda ya tallafi gaba da baya. In aka jingina ta da bango a kan kusurwa ɗaya tsawon watanni, murɗewa take yi, turakun kuma su ƙi shiga raminsu.